Takardar da Akawu Ya Karanta Mini

Akawu ya yi mini ƙarya da takarda a hannunsa. Wannan shi ne abin da ya yi mini, kuma ba zan yi wa maganar kwalliya ba. Na kai masa ɗan littafin da makarantar koyon aikin fim ta ba 'yata, irin wanda suke raba wa sababbin ɗalibai don su san abin da za su tarar, na ce ya karanta mini. Ya sa tabarau, ya buɗe, ya bi layi da yatsa, ya faɗa mini abin da babu shi a ciki. Saura kwana ɗaya yarinyar ta rasa gurbinta saboda wannan karatun.

Ni gyaran keken ɗinki nake yi a Tudun Wada. Ina aji ɗaya a sakandare mahaifinmu ya rasu, aka ce in bar makaranta in kama sana'a, na bari. Hausa ina karantawa, ina rubutawa, ga shi ma kuna gani. Lambobin jikin kayan keke ban taɓa kuskure da su ba. Turanci ne dai in ya yi tsawo sai ya watse mini, in tsinci kalma nan, in tsinci wata can, in rasa abin da ya haɗa su. Saboda haka fiye da shekara ashirin duk takardar da ta zo mini wurin Akawu nake kai ta. Tsohon ma'aikacin ofis ne da ya yi ritaya, gidansa na uku daga shagona. Ba ni kaɗai ba, rabin layinmu shi ke karanta musu: takardar asibiti, ta fili, ta makarantar yara. Bayan la'asar yake fitowa ya zauna a benci ƙofar zaurensa. Yana son abin. Sai ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga kana tsaye, kamar ya manta da kai.

Wani zai ce, to ita yarinyar ba ta iya karatu ba ne? Ta iya, ta fi Akawu ma. Amma 'yar fari ce. A gidanmu haka muka taso, ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, ni ma haka na bi. Tun tana rarrafe ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Uwarta kuwa ta fi ni kunyar. In yarinyar tana son wani abu sai ta gaya wa goggonta, ƙanwata da ke sayar da zannuwa a unguwar Kongo, ita kuma ta zo shago ta isar mini, in ba da amsa ta koma da ita. Mutumin da ke gida ɗaya da 'yarsa, amma magana sai ta je Kongo ta dawo. Haka muke, kuma a lokacin ban ga aibunsa ba.

Harkar fim ɗin ma ta hannun goggon ta shigo. Da wayarta yarinyar take ɗaukar suna da walima a dangi. Shekarar da tsohuwarmu ta kwanta ciwo, ta zauna gabanta kwana da kwanaki tana ɗaukarta tana ba da labarin yadda suka zo Tudun Wada tun unguwar tana fili. Bayan rasuwar aka kunna mana. Na ga uwata tana dariya tana gyara ɗankwali, na tashi na fita waje. Shi ya sa da goggon ta zo da maganar jarrabawar shiga makarantar fim na ce ta je ta yi. Gaskiyar magana, na ɗauka ba za ta samu ba. Irinmu ba mu saba samu ba. Sai ga shi ta samu, har da ɗan littafi mai bango kore, da mako biyu na yin rajista.

Ga abin da Akawu ya ce littafin ya ce. Ya ce duk ɗaliba mace tun daga ƙofa za ta cire hijabi, don kyamara ba ta son rufi. Ya ce zangon farko gaba ɗaya rawa da waƙa ne, ana haɗa mace da namiji bibbiyu. Ya ce ana kwashe su zuwa wasu garuruwa su kwana can wurin ɗaukar fim, ba sai an tambayi iyaye ba, kuma uba ba shi da ikon shiga makarantar. Yadda yake yi shi ne ya fara furta Turancin da ƙarfi, sannan ya juya shi da Hausa, to wa zai yi zargi? Da ya gama ya rufe littafin ya miƙo mini.

"Ni dai na karanta maka," in ji shi. "'Yarka ce."

Na aika wa goggon cewa maganar ta mutu. Washegari ta dawo da amsa: yarinyar ta ce wallahi ba haka aka rubuta ba, tana roƙon in bari ta karanta mini da kanta. Na ce ashe. Wato in bar maganar dattijon da ba shi da abin da zai samu, in ɗauki ta yarinyar da idonta ya rufe tana son tafiya? Goggon ta ce to ita a ba ta ta kai wa wani. Na ce an gama. Na kulle littafin a durowar shago tare da allurai.

Yarinyar ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ci gaba da ajiye mini abinci, ta durƙusa ta gaishe ni safe da yamma. Akwatin da goggon ta saya mata, da bokiti da gidan sauro, suna nan a lungun ɗakinsu ba wanda ya taɓa. Kwana goma sha biyu gidan ya yi tsit, ko rediyo ba a kunnawa. Ni kuma a shago na lalata keken wani tela da hannuna, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Kada kowa ya ɗauka tausayi ne ya kai ni makarantar. Takardun shaidar karatunta na asali suna hannunsu tun ranar tantancewa, su na je karɓowa, in kuma gaya musu abin da ke raina. Ranar Alhamis ce da safe. Na san ta bakin goggon cewa Juma'a ake rufe rajista, kuma na so in riga su. Na sa littafin a aljihu, na rufe shago, na hau keken haya mai ƙafa uku zuwa Kwangila, daga nan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Na shirya faɗa tun daga bakin ƙofa, tunda an ce uba ba ya shiga. Maigadi ya ba ni biro ya ce in rubuta sunana a littafin baƙi, ya nuna mini hanyar ofis, ya koma kan rediyonsa. Na tsaya riƙe da biron kamar an kwashe mini ƙafa. Da na shiga kuma abin da na fara gani wata yarinya ce da hijabi har gwiwa, ta saɓa wani ƙarfe mai ƙafa uku a kafaɗa, gumi ya jiƙa mata fuska, tana yi wa abokan karatunta masifa su janye waya daga hanya. Wasu matan da hijabi, wasu da mayafi, wasu ba ko ɗaya, kamar dai cikin kasuwar Tudun Wada. Na ce a raina wataƙila yau ranar baƙi ce, sun shirya.

Ofis a rufe, wai duk suna babban ɗakin taro suna yi wa sababbin ɗalibai bayani. Na samu benci a bakin wani ɗaki na zauna. Ashe ɗakin ajiyar kayan aiki ne. Mai kula da shi sa'ana ne, da furfura a gemu, yana kokawa da irin ƙarfen nan mai ƙafa uku, wanda na gane daga baya a kansa ake ɗora kyamara. Wata ƙusa ce ta cije, shi kuma yana murɗa ta da filaya da ƙarfin tsiya. Na kau da kai, na sake kau da kai, na kasa. Na ce masa zai cinye haƙoran ƙusar, ya ba ni. Ba na rabuwa da ƙaramar sukuddireba da 'yar kwalbar man keke a aljihu. Na ɗiga mai, na jira, na ɗan bubbuga, na mayar da ita baya kafin in kwance. Ta saki. Mutumin ya dube ni ya ce ko sabon ma'aikaci aka kawo musu ba a gaya masa ba. Na ce a'a, na zo cire 'yata ne daga gidan rawarsu.

Bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Ya tambayi wanda ya ce mini gidan rawa ne. Na ce littafinsu ne ya faɗa, na zaro shi na ajiye masa a tebur.

"Malam, matso kusa," ya ce. "Ba ni yatsanka. Kai za ka bi layin, ni in faɗa."

Haka muka yi, shafi bayan shafi. Ina tsintar kalmomin da na sani a hanya, ruwa, bokiti, iyaye, Lahadi, kuma duk inda na tsinci ɗaya sai in ji ta fito a bakinsa a daidai wurin. Da Akawu ban taɓa gwada haka ba, don littafin a fuskarsa yake riƙewa.

Littafin ya ce zangon farko ba mai taɓa babbar kyamara. Za a koya musu rubuta labari a shafi ɗaya, da lura da haske, da kallon tsofaffin finafinai da biro a hannu suna rubuta abin da suka gani. Bayan nan kowane ɗalibi sai ya zaga kowane aiki: ya yi dakon kaya, ya riƙe sandar makirufo sama da kan masu magana, ya saita fitilu, ya riƙe kyamara, ya ba da umarni. Fitowa a fim sashe ne daban, sai wanda ya nema. Ya jawo takardar sunaye daga jikin bango ya nuna mini, ga 'yata a sashen ɗauka da haɗa hoto. Na ga sunan da idona, sunan da ni na raɗa mata ban sake furtawa ba.

Littafin ya ci gaba da cewa ana tashi aiki da an idar da sallar asuba, saboda hasken safiya ba ya jiran kowa, kuma dalilin da ya sa 'yan shekarar farko suke kwana a makaranta ke nan. Ɗakunan mata daban, da matar da ke kula da su, da lokacin rufe ƙofa. Mutum huɗu a ɗaki. A zo da bokiti, da gidan sauro, da kwaɗo mai kyau. Famfo da safe kawai yake kawo ruwa. Ba a yarda da risho na lantarki ba. Fita ɗaukar hoto da rana ake yi tare da malami, in kuma aikin zai kai ga kwana sai uba ko wakilinsa ya sa hannu a takarda. Iyaye suna zuwa ziyara ranar Lahadi. Maganar sutura layi biyu ce kacal: a sa takalmi rufaffe don kaya masu nauyi suna faɗo wa mutum a ƙafa, kuma mai mayafi ta maƙale shi da kyau in tana kusa da fitilu, don suna zafi.

Na ce ina wurin rawar? Ya juya littafin gaba da baya, ya girgiza shi kamar wani abu zai faɗo, ya ce shi dai bai gani ba.

Daga nan ya ce bari ya gaya mini abin da littafi ba zai faɗa ba, tunda na gyara masa ƙarfe. Ya ce yawancinsu suna zuwa ne da tunanin za a san su a duniya, mako na uku sai ka same su a bayan ɗakin nan suna kuka, hannu ya sage da riƙon sanda. Aikin rukuni ne, don haka faɗa ba ya ƙarewa. Dole wata rana wani ya manta bai yi cajin batir ba, a yi asarar safiya guda, a yi kwana uku ba a magana da shi. Fim ɗin farko na minti uku ne, kuma bai taɓa ganin mai kyau ba. Za a haska shi gaban aji, kowa ya tsattsage shi, malami ya zo ya ƙarasa. Miyar ɗakin cin abincin makaranta kuwa ya ce in ka leƙa kana ganin fuskarka. Ya ce za ta dawo mini a rame, kuma ba za mu sake kallon talabijin cikin kwanciyar hankali ba, komai aka nuna sai ta ce hasken bai yi ba.

Ya kuma ce kada in tafi da tunanin nan Aljanna ce. Akwai 'yan iska a nan kamar yadda suke a unguwarmu, akwai kuma masu kamun kai, kowa da abin da ya taho da shi daga gida. Aiki bayan an gama ma ba wanda zai yi mini alkawari. Wannan maganar ta fi komai kwantar mini da hankali. Mai son ya yaudare ka ba ya gaya maka miyarsa ruwa ce.

Ya kulle ɗakinsa ya zaga da ni. Ya nuna mini ɗakunan mata daga nesa, bokitai a jere a bakin famfo kowanne da suna. Ya leƙa da ni ɗakin haɗa hoto, an rufe tagogi da baƙin labule, ɗalibai sun duƙufa gaban kwamfuta. Na tsaya bayan wata tana yanke wani wuri tana matso da wani, ta kalla, ta warware, ta sake. Na ce masa ai wannan ɗinki ne. Ya ce shekara nawa yana nan bai ji wanda ya faɗe shi daidai haka ba. Ban sani ba ko daɗin baki ne, amma na ji daɗi.

Na yi azahar a ɗan masallacinsu. Da na sallame na kasa tashi. Ƙirjina ya yi sakayau kamar an sauke mini kan keken ɗinki daga kafaɗa. A nan na gane kwana goma sha biyun nan ba fushi nake yi ba, tsoro ne, kuma ashe ina so a ce mini ƙarya ce. Kunya ma na ji, ba kaɗan ba. Amma sauƙin ya fi kunyar yawa. Ban koma ofis neman takardu ba. Abu ɗaya na tambaya, ƙarfe nawa ake rufe rajista gobe. Aka ce kafin a tafi masallacin Juma'a.

Da na dawo gida na yi abin da ban taɓa yi ba. Ban aika Kongo ba. Na tsaya a tsakar gida na ce, "Ke, zo nan." Uwarta tana tankaɗe, ta saki rariya ta shige ɗaki. Na zauna a bakin tabarma, na nuna wa yarinyar ɗaya bakin, na miƙa mata littafin na ce ta karanta. Ta buɗe shafin farko ta fara. Bokiti, gidan sauro, takalmi rufaffe, ranar Lahadi. Ko kalma ɗaya ba ta bambanta da abin da na ji da safe ba. Ban ba ta haƙuri ba, bakina bai iya ba, kuma har yau ina jin wannan a raina. Na ce ta haɗa kayanta, gobe da sassafe.

"Na gode, Baba," ta ce, kanta a ƙasa. Daga cikin ɗaki na ji uwarta tana fyace hanci.

Keke biyu muka ɗauka, ni da akwati a ɗaya, ita da goggonta a ɗaya. Layi ya yi tsawo, goggon tana ta yi mini gori a kunne har aka zo kanmu, na ƙyale ta don tana da gaskiya. Aka buga hatimi saura kamar awa ɗaya a rufe.

Ban je wurin Akawu nan da nan ba. Na ce sai na gani da idona tukun, kada in sake yin gaggawa a kan maganar wani. Lahadi ta uku na je ziyara da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Ta fito da takalmi rufaffe kamar na soja, ta yi baƙi, tafin hannunta ya yi kanta. Ta ce ruwa ya ɗauke musu kwana biyu, 'yar ɗakinsu tana minshari, malamin rubutu ya mayar mata da labarinta sau huɗu. Tana faɗa tana dariya. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Ni da na zo in duba ko an lalata mini ita, sai na koma gida ina tunanin inda zan samo mata babbar jarka.

Washegari bayan la'asar na sami Akawu a bencinsa. Akwai wata mata da takardar asibiti, na jira ta tafi, don ban zo tozarta shi ba. Na gaishe shi yadda aka saba. Na buɗe littafin na ɗora masa a cinya, na ce ya nuna mini layin da aka ce a cire hijabi, zan bi da yatsana.

Ya cire tabarau ya hau gogewa. Ya ce abin da ake rubutawa daban, abin da ake yi daban, shi ya san mutanen nan. Ya ce manufar ya karanta mini, ba haruffan ba. Ya ce don ni ya yi, don mutuncin gidana, kuma wata rana zan gode masa. Na bar shi ya gama. Na ɗauki littafina na miƙe.

"Malam, da ka ce mini ra'ayinka ne, da na saurara, wataƙila ma in bi, don ka girme ni. Amma ka san ba ni da bakin yin musu da takarda, shi ya sa ka ɓuya a bayanta. Wannan ba nasiha ba ce, ƙarancin karatuna ka hau. Yarinya tana makaranta, lafiyarta ƙalau, tana ɗaukar ƙarfe tana gumi. Gaisuwa tana nan tsakanina da kai. In ka yi ciwo zan zo dubiya, in ka riga ni da ni za a ɗauki makararka. Amma takardata ba za ta sake shiga hannunka ba."